Jama'a, wane tsiro ne wannan ya fito mini a garka?

Maman Safiyya, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah wanda ya san tsirrai ya duba mini wannan hoton. Nan Sakkwato nake, a bayan ɗakina akwai 'yar garka da nake shuka alayyafo da tumatir da yakuwa. Da damina ta zauna, wani tsiro ya fito a jikin katanga, ba ni na shuka shi ba. Na ƙyale shi don na ɗauka gauta ce, ganyen ya so ya yi kama. Yanzu ya kawo mini ƙugu, ya yi rassa, ya fara fure. Furen fari ne fat, dogo, mai siffar kakaki, ya fi tafin hannuna tsawo. Da rana a naɗe yake, sai dab da magariba ya buɗe, ƙamshi ya cika tsakar gida, washegari da hantsi ya yi yaushi. Na tambayi maƙwabta, kowa da abin da ya faɗa. Ina son furen ƙwarai, amma gidan akwai ƙananan yara, shi ya sa nake son sanin ko mene ne kafin in ci gaba da ba shi ruwa.

Abu, Gidan Igwai:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Na ɗora hoton a Google Lens, manhajar waya mai gane abu daga hoto, ta ba ni sunaye uku: Brugmansia, Datura, da Ipomoea alba. Na duba, dukkansu ana shuka su don ado a Turai da Amurka, har sayar da su ake yi. Ina ganin kin yi tsintuwa.

Zainabu, Arkilla:
Anti, anya ba kariya ba ce? Akwai ta a gidanmu, furenta ma haka yake da baki buɗe.

Alhaji Ɗanjuma mai fulawa:
A'a Zainabu, ba kariya ba ce. Sana'ata ke nan, kullum ina tare da ita. Kariya gindinta kumburarre ne, furenta ja-ja ne ko ruwan hoda, gajere, kuma ta fi yin fure da rani, sau da yawa ma ba ganye a jikinta. Ba ta jiran magariba, furenta kwanaki yake yi a buɗe. Kuma ba ta girma daga iri ta kai ƙugun mutum cikin damina ɗaya, tana da nawa.

Zainabu, Arkilla:
To ko albasar kwaɗi? Ita ma fari take yi in ruwa ya sauka.

Alhaji Ɗanjuma mai fulawa:
Ita kuma ba ta da rassa, ganyenta dogaye ne masu fitowa kai tsaye daga albasar da ke cikin ƙasa. Hajiya ta ce wannan ya yi rassa. Ina da zato, amma fure kaɗai aka ɗauka a hoton, ba zan yanke ba.

Malam Nasiru, Dundaye:
Alhaji ya yi daidai da bai yanke ba. Hajiya, ni malamin ilimin halittu ne a sakandare, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibaina shi ne fure kaɗai ba ya isa a gane tsiro. Sunaye ukun da Abu ya kawo hujja ce: ɗaya ƙaramar bishiya ce mai fure a rataye yana kallon ƙasa, ɗaya ciyawa ce mai rassa, ɗaya kuma yaɗo take yi, amma in ka ɗauki furensu kusa-kusa duk fari ne mai faɗin baki. Don haka ki taimaka mana da waɗannan. Ki ja baya ki ɗauki tsiron gaba ɗayansa, ki jingina tsintsiya ko bokiti kusa da shi mu ga tsawonsa. Ki ɗauki ganye ɗaya ciki da baya. Ki duba ko ganyen sumul yake ko yana da gashi. Ki sa leda a hannu ki murza ganye ɗaya ki gaya mana warinsa. Ki karya ƙaramin reshe ki ga ko farin ruwa mai kama da nono zai fito. Furen sama yake kallo ko ƙasa? Mafi muhimmanci, ki ɗaga ganyen ki leƙa wurin da rassa suka rabu biyu, inda tsofaffin furanni suka faɗi, ki ga ko ya fara 'ya'ya. In kin gama ki wanke hannu da sabulu, kada ki taɓa ido kafin nan.

Maman Safiyya, Mabera:
Na gode Malam. Ga hotunan nan na turo. Ganyen yana da laushi, akwai gashi-gashi a jikinsa, launinsa kore ne mai toka-toka, har karan ma haka. Da na murza, wari ne mara daɗi, irin na man gyaɗa da ya daɗe ya lalace, ko kusa bai yi kama da ƙamshin furen ba. Farin ruwa bai fito ba. Furen sama yake kallo. Kuma gaskiyarka, akwai 'ya'ya a ɓoye ƙarƙashin ganye, kore, dunƙulallu, sun kusa girman ƙwan kaza, jikinsu duk ƙaya siriri, kuma sun sunkuyar da kai ƙasa.

Inna Kulu, Ƙofar Marke:
Innalillahi. Ɗiyata, wanga ba abin ado ba na. Zaƙami na. Tun da kic ce hwarin hure mai buɗewa da marece nis so in yi magana, nib bari sai nig ga ɗiyan. Mu da munka tashi cikin gari mun san shi, bisa juji shi ka tsirowa, da kangon gida, da bakin kwata. Haukata yaro anka sa mai suna, kuma ba banza ba. Ki hana yara zuwa wurin tun yau, ko da kuwa ba ki tumɓuke shi ba tukuna.

Sani, Tudun Wada:
Inna, a gafarce ni, ko dai zurma ce? Ita ma 'ya'yanta ƙaya gare su, kuma ita ma kan juji take fitowa.

Baba Altine, Kwalkwalawa:
Sani, Inna ta hi ka gaskiya. Zurma kunnenta tsage shike, yatsu-yatsu, kuma ɗiyanta a cure su ka hitowa bisa tsinke guda, ƙayarsu ba ta da tsini sosai, kowane ɗa ƙwara ukku ag ga shi ciki. Ba ta yin babban hure irin wanga ko kaɗan. Tumhwahiya kuma da Malam yat tambayi batun nono don ita, ta hita tunda ba nono. Duman kada shimhiɗe shike ƙasa, hurenai shuni-shuni, da sahe shi ka buɗewa. Wanga zaƙami na, ba wata tantama. Muna hidda shi cikin hwadama kowace shekara.

Malam Nasiru, Dundaye:
Inna da Baba sun gama magana, zaƙami ne. Abin da zan ƙara shi ne wane iri, don ba ɗaya ba ne, kuma hotunan Hajiya sun nuna komai.

Masana suna kiran dangin duka Datura. Uku ne aka fi cin karo da su a ƙasashenmu. Akwai Datura stramonium: ganyensa yana da haƙora manya a gefe, furensa ƙarami ne, bai cika wuce santimita 9 ba, 'ya'yansa a tsaye suke suna kallon sama, in sun bushe su tsage gida huɗu, irinsa baƙi. Akwai Datura metel: jikinsa sumul ba gashi, karansa sau da yawa yana da duhun shuni, furensa kan zo fari ko rawaya ko shuni, wani lokaci ma fure cikin fure, 'ya'yansa kuma ƙayarsu gajera ce mai dakushi. Sai Datura innoxia: ganye da kara duk gashi mai laushi, launin toka-toka, gefen ganye kusan a miƙe, farin fure mai tsawon santimita 12 zuwa 19, 'ya'ya kimanin santimita 5 masu siririyar ƙaya mai tsini, a sunkuye, irinsa ruwan ƙasa. Na Hajiya wannan na ƙarshen ne. Ku duba hoto na huɗu, akwai wani faifai a gindin ɗan da ya lanƙwashe baya, ragowar kofin furen ke nan. Ku duba kuma gindin ganyen, ɓangare ɗaya ya sauko ƙasa fiye da ɗayan.

Hajiya ba ki yi nisa da gaskiya ba da kika ɗauka gauta ce. Gida ɗaya suke da gauta da tumatir da tattasai da barkono da taba da dankalin Turawa. Asalin wannan irin daga Meziko da yankunan da ke kewaye da ita yake, ya bazu ƙasashe masu zafi tun da daɗewa har ya zama ɗan gida. Buɗewar da yake yi da magariba da ƙamshin nan ba don mu ba ne, wasu manyan malam-buɗe-littafi na dare masu dogon baki yake kira, su ne ke kai masa ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Shi ya sa furen fari ne, don a hango shi cikin duhu.

Dukkan iri ukun guba ne, daga saiwa har fure, kuma irin da ke cikin 'ya'yan yana cikin mafi ƙarfi.

Abu, Gidan Igwai:
To ai Malam, manhajar ta ambaci Datura cikin ukun. Ke nan ba ta yi ƙarya ba.

Malam Nasiru, Dundaye:
Ba ta yi ƙarya ba, Abu, kuma ni ma ina amfani da irin waɗannan manhajoji. Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar, ta fi taimaka mini don tana barin ka ka saka ganye daban, fure daban, 'ya'ya daban. Amma duba abin da ya faru: ta ba ka sunaye uku, ba ta ce maka zaƙami ba, kai kuma ka karanta cewa furen ado ne ka tsaya nan. Inna ta ga 'ya'yan sau ɗaya ta faɗi sunan da ya sa kowa a nan ya gane haɗarin. Manhajojin nan da hotunan da mutane suka ɗora suke koyo, kuma na ƙasashenmu ba su kai na Turai yawa ba. Ko Turawan da suka fara rubuta tsirranmu wurin tsofaffi suka samo. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa farkon zuwan Turawa, ya tattara tsirrai har a ƙasar Sakkwato, ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, kuma daga bakin manoma da makiyaya da masu magani sunayen suka fito. Ka fara da waya in kana so, amma ka kai wa wanda ya sani ya tabbatar.

Alhaji Ɗanjuma mai fulawa:
Zaton da na yi ke nan tun farko. Amma ni ina da ja a kan maganar tumɓukewa. Hajiya ta ce tana son furen, kuma wallahi yana da kyau, ba kowane fure ne ke jure zafin garin nan haka ba. In don guba ne, kariyar da ke gidajenmu duka guba ce, da ruwanta maharba ke dafa kibiya a da. Tumfafiya tana ko'ina, ruwanta na lalata ido. Bini-da-zugu da muke shinge da shi, 'ya'yansa na sa yara amai da gudawa. Ba mu sare su duka ba. Abin da nake ba da shawara, ta riƙa yanke 'ya'yan da zarar fure ya faɗi, kafin su ƙosa, ta kewaye shi da waya. Ta sha ƙamshinta, yara ba su samu abin wasa ba.

Sista Rabi, Runjin Sambo:
Alhaji, da girmanka, ban yarda da wannan shawara ba, kuma zan faɗi dalili don aikin jinya nake yi, na ga waɗanda aka kawo.

Abin da ke cikin zaƙami sinadarai ne da ake kira atropine da hyoscyamine da scopolamine. In mutum ya ci, cikin rabin awa zuwa awa ɗaya baki da maƙogwaro su bushe ƙamas, baƙin ido ya buɗe ya yi faɗi, gani ya yi dishi-dishi, ba ya son haske. Jiki ya ɗau zafi amma ba gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Sai sambatu, yana kamo abin da babu a iska, yana cire tufafi, bai gane uwarsa ba. In ya yi yawa sai jijjiga da suma, ana kuma mutuwa. Rashin gumin nan ku riƙe shi da kyau, don a garin da zafi ke wuce digiri 40 da bazara, jikin da ba ya gumi ba shi da hanyar huce kansa. Ruɗewar kan kai kwana ɗaya ko biyu, idon ma ya fi haka kafin ya koma daidai.

Abin da ya fi damuna, alamun sun yi kama da abin da mutanenmu ke kira iska ko shafar aljanu. Sai a zauna da yaro a gida ana hayaƙi ana tofi har dare ya raba. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a yi ta a cikin mota. Kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa masa yatsa don ya yi amai, wanda hankalinsa ya gushe yana iya shaƙewa abin ya tafi huhu. A rage masa tufafi, a shafa masa ruwa, a riƙe shi kada ya ji wa kansa ciwo, a tsinko reshen tsiron da ɗansa a leda a tafi da shi, a nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru ko duk wanda ya fi kusa. Ganin tsiron yana rage wa likita dogon bincike.

Yanke 'ya'ya da Alhaji ya ce, wa zai tsaya a kai kullum? Hajiya da kanta ba ta ga 'ya'yan ba sai da Malam ya ce ta ɗaga ganye. Kuma ganyen ma guba ne, ga shi a tsakiyar alayyafo da yakuwa. Ranar da aka aiki yarinya da magariba ta tsinko ganyen miya fa?

Malam Shehu mai magani, Tsohuwar Kasuwa:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina son a yi wa tsiron nan adalci. Allah bai halicci abu a banza ba. Iyayenmu sun san zaƙami, sun yi aiki da ganyensa ga masu fuka, sun ɗora shi a kan kumburi. Ni na gaji sana'ar nan daga mahaifina, kuma abin da ya fara yi mini kashedi a kai shi ne wannan tsiron: ba a ba mutum ya sha, ba a wasa da irinsa. Waɗanda suka ɓata masa suna su ne samarin da ke jefa shi cikin shayi da kunu don maye, da marasa tsoron Allah da ke zuba wa mutane a abin sha wurin biki. Kada a mayar da laifin mutane kan halittar Allah.

Malam Nasiru, Dundaye:
Allah ya gafarta Malam, maganarka tana da tushe. Ba mu kaɗai ba, a Ingila ma a ƙarni na 19 har sigarin ganyen Datura ake sayarwa masu fuka. Atropine ɗin da Sista ta ambata yana nan a asibiti yau, ana ɗiga shi a ido don a buɗe shi a duba ciki, ana kuma yi wa wanda maganin ƙwari na gona ya kama allurarsa. Buscopan da ake bayarwa don murɗawar ciki daga scopolamine aka sarrafa shi. Inda gizo ke saƙar shi ne awo. Na asibiti an auna shi da miligiram, wani ma ƙasa da miligiram ɗaya. Na jikin tsiro ba wanda ya san yawansa: wannan gindi ya fi wancan ƙarfi, ganyen damina daban da na rani, ƙaramin tsiro daban da tsoho. Tazarar da ke tsakanin abin da zai yi aiki da abin da zai kashe kaɗan ce. Shi ya sa likitoci suka bar ganyen da aka samu abin shaƙa na fuka mai awo.

Kuma ba sai an yi niyyar maye yake cutarwa ba. A watan Maris na 2019, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, an raba garin kunu na tallafi wanda irin Datura ya shiga cikin hatsin da aka niƙa. Kimanin mutum 300 suka kwanta, 5 suka rasu. Ba wanda ya ga tsiron da idonsa a cikinsu.

Malam Shehu mai magani, Tsohuwar Kasuwa:
Ban musa ba, Malam. A gidan da ke da yara da garkar miya, ni ma ba zan ce a bar shi ba. Abin da nake so a sani shi ne masu sana'armu na gaskiya ba su ne ke raba shi ga yara ba.

Sista Rabi, Runjin Sambo:
Wannan gaskiya ne Baba Malam, kuma ka taɓo wani dalilin. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana lissafa zaƙami cikin abubuwan da matasa ke bugewa da su. Furen nan ana hango shi, ƙamshinsa na tsallake katanga. Wanda ya san shi zai san akwai shi a gidan.

Alhaji Ɗanjuma mai fulawa:
Sista, na ji hujjarki ta ganyen miya, ita ce ta fi kama ni. A gidan Hajiya a cire. Amma ina nan kan cewa babban mutum da ba shi da yara a gida, ya san abin da ya shuka, ba laifi ba ne ya bar shi. Hajiya, in farin fure mai ƙamshin dare kike so, ki zo a ba ki yasmin, ki kafa masa sanda a jikin katangar, ba abin da zai sami kowa.

Maman Safiyya, Mabera:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Inna, na ji maganarki, tun jiya na rufe ƙofar garkar. Maigidan ya dawo na nuna masa bayanan nan, ya ce yau za a cire. Tambayata biyu. Yaya za mu yi da shi in an cire, mu ƙone? Sannan tumatir da alayyafon da ke kusa da shi, sun ɗauki gubar, in zubar?

Baba Altine, Kwalkwalawa:
Ranki shi daɗe, kada a hizge shi da hannu. Wanga mai gashi saiwa tai kauri gare ta, in ta katse cikin ƙasa sai shi sake tohowa. A hwara yanke ɗiyan ɗaya-ɗaya a zuba cikin buhu, don in sun bushe da taɓawa su ka hwashewa iri shi watse. Sannan a sa hauya ko diga a haƙo shi da saiwa duka. Mai aikin shi sa leda ko sahwar hannu.

Malam Nasiru, Dundaye:
Kada a ƙone shi a tsakar gida, Hajiya, hayaƙinsa na ɗauke da gubar. Kada kuma a jefa a juji ko kwata, nan ne ya fi son tsirowa, ga yara ga awaki. A haƙa rami mai zurfi inda ba a shuka, a binne 'ya'yan can ƙasa, don irin da ya yi zurfi ba ya iya fitowa. Mai aikin ya kula da idonsa, ruwan tsiron in ya shiga ido ɗaya sai baƙin idon ya buɗe ya yi kwanaki yana gani dishi-dishi.

Tumatirinki ba abin da ya same shi, ki wanke ki yi miya. Alayyafon kuma ki tsinke shi da rana, ki tsince ganye-ganye, ki tabbata ba baƙon ganye a ciki.

Maman Safiyya, Mabera:
An haƙe shi, saiwar kuwa da kauri yadda Baba ya faɗa. Amma da muka duba gefen da aka jibge taki kafin damina, mun ga ƙanana sun fi goma suna fitowa, ganyensu iri ɗaya, warin ma ɗaya.

Baba Altine, Kwalkwalawa:
To ga inda yaf hito nan. Takin na juji na ko na turke?

Maman Safiyya, Mabera:
Wani mai amalanke ne ya kawo, ya ce haɗe yake, da na awaki da ƙasar juji.

Baba Altine, Kwalkwalawa:
Shi ke nan. Ƙasar juji ita ka kawo shi. Ɗa guda iri ɗaruruwa ag ga shi ciki, kuma irin shina kwana cikin ƙasa shekaru bai mutu ba, sai an motsa ƙasa ruwa ya taɓa shi. Ki sa ido bana da baɗi da wata baɗin, da kin ga ƙarami ki cire tun bai yi hure ba. Haka mu ka yi da ƙuduji cikin hatsi. Shi ma hurenai kyau gare shi, ja-ja, wanda bai sani ba sai shi ce a bar shi, alhali saiwar gero da dawa shi ka tsotsa. Wanda yab bari yaz zuba iri ya sayo ma kainai aikin shekara goma.

Zainabu, Arkilla:
Malam, tunda ana maganar ganyen miya, ni tafasa da rai-ɗore ke rikita ni. Duka furensu rawaya, duka a bayan gida suke fitowa.

Malam Nasiru, Dundaye:
Ki ƙirga ƙananan ganyen da ke jikin tsinke ɗaya, Zainabu. Tafasa guda shida ne, uku nan uku can, bakinsu a zagaye, kuma 'ya'yanta sirara ne dogaye masu lanƙwasa. Rai-ɗore ya fi yawa, takwas zuwa goma, bakinsu da tsini, warinsa ya fi ƙarfi, 'ya'yansa kuma a baje suke. Ɗanyen irin rai-ɗore yana cutar da yara da dabbobi in sun ci da yawa. Duk wanda kuma ya samu tsiron da aka kasa ganewa, ya yanko reshe mai ganye da fure da 'ya'ya, ya shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, ya danne da abu mai nauyi, ya riƙa sauya takardar har ya bushe, ya rubuta inda ya samo da watan. Akwai ma'ajiyar busassun tsirrai a sashen nazarin halittu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, can ake gwada shi da waɗanda aka riga aka tantance.

Buba, Kara:
Salamu alaikum, na zo a makare amma na karanta daga sama. Ni raguna nake turkewa, kuma yara ke yanko mini haki a bakin hanya da kangaye, mu shanya mu ajiye don rani. Na sha ganin tsiron nan a wuraren, amma ban taɓa ganin dabba ta ci shi ba. Akwai abin tsoro?

Baba Altine, Kwalkwalawa:
Akwai, Buba. Ɗanye bisashe ba su cin shi don wari nai, sai in yunwa ta matsa ƙwarai. Amma in ya bushe cikin haki ko harawa warin shina raguwa, gubar kuwa tana nan, rago na turke kuma abin da anka zuba mai shi ka ci, ba shi da zaɓi. Doki ya hi kowa saurin kamuwa, ciki nai ka tsayawa shi kumbura. Ka nuna ma yaran hoton ɗiyan nan masu ƙaya, ka ce duk inda sunka gan shi su tsallake wurin. Wanda anka riga anka shanya kuma ka baje shi da rana ka bi dami-dami kahin ka ɗaure, karan zaƙami ya hi na haki kauri, ɗiyan ko sun bushe ƙayarsu ba ta ɓoyuwa. In kag ga rago ya bar tuƙa, ciki ya kumbura, baƙin ido ya yi hwaɗi, shina tangaɗi, ka janye abincin duka ka kira likitan dabbobi, ka aje mai sauran hakin shi duba.